Daga Abu Ja zuwa "yana da ɗan duhu": yaushe muka fara jin nauyin faɗin launin mutum?

Yau ba ƙa'idar rubutu zalla na kawo ba, tarihi ne na wasu kalmomi guda uku, amma nahawu zai shigo ciki ko mun ƙi ko mun so.

A zangon da ya wuce na ba ɗalibaina na aji biyu na babbar sakandare a nan Baure aikin insha'i na siffantawa. Na ce kowa ya siffanta abokinsa ko ƙawarta yadda wanda bai taɓa ganin mutumin ba zai iya tsamo shi a cikin kasuwa. Da na zauna dubawa sai na ga wani abu. Duk wadda ƙawarta fara ce, a jimlar farko take rubuta "fara ce", wata ma ta ƙara da "sol". Waɗanda kuwa abokansu baƙaƙe ne sai aka shiga kewaye-kewaye: "tana da ɗan duhu", "ba fara ba ce sosai", "kalarta cakuleti ce". Wasu sun faɗi tsawo, sun faɗi hanci, sun faɗi wushirya, suka tsallake launi gaba ɗaya kamar mutumin ba shi da fata. Na tambayi wata daga cikinsu dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai ba daɗi a ce wa mutum baƙi."

Wannan amsa ce ta sa na koma baya, domin ni dai na san kakata ba ta san wannan rashin daɗin ba. In za ta aike ka wurin wata mata cewa take yi, "Baƙar nan doguwa mai bille, ta bayan masallaci." Kuma matar da kanta in ta ji ba za ta ɗaga gira ba.

Mu fara da babban birnin ƙasar nan. Bayan jihadi ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya ya yi kudu, ƙaninsa Abubakar ne ya gaje shi, ya kafa gari a shekarar 1828. Ana ce masa Abu Ja, garin kuma ya ci sunansa, Abuja. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne an kira shi Ja ne saboda hasken fatarsa. Wasu kuma suna cewa guntun sunan mahaifinsu ne, Sarkin Zazzau Jatau. Ko wanne ka ɗauka ba ka fita daga launi ba, domin Jatau ma laƙabi ne da Bahaushe ke ba yaro mai hasken fata. Da gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 sai ta ari sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kun ga ke nan duk wanda ya ce "zan je Abuja" ya ambaci launin fatar wani sarki, ko da bai sani ba.

Ba sarakuna kaɗai ba. Jatau, Duna, Ɗanbaƙi, 'Yarbaƙa, 'Yarja, duk laƙubba ne da iyaye da kakanni suke raɗa wa yaro da bakinsu, cikin so, ya girma da su har ya yi furfura. Mun ma aro na maƙwabtanmu Fulani: Baleri daga kalmarsu ta baƙi, Boɗejo daga ja, Danejo daga fari. Al'ummar da ke jin kunyar abu ba ta mayar da shi sunan ɗanta.

A lura da "ja" ɗin nan. Bahaushen da can launuka uku ya raba mutane a kai, ba biyu ba: baƙi, fari, ja, sai na tsakani da ya kira wankan tarwaɗa. Su ne kuma siffofin launi mafi tsufa da zurfi a harshen. Dubi sauran: rawaya sunan tsiro ne, shuɗi yana da alaƙa da shuni da rini, ragowar kuwa kwatance ne, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Wasu masana biyu a Amurka, Berlin da Kay, sun nuna a 1969 cewa harshen da ke da kalmomin launi uku kacal na asali, to baƙi ne da fari da ja. Hausa ta wuce wannan mataki tuni, amma alamarsa tana nan. Waɗannan ukun ne suka fi tarin amsa-kama: baƙi ƙirin, baƙi wuluk, baƙi siɗik, fari fat, fari tas, fari sol, ja wur, ja zur. Su ne kuma suka cika maganganun hikima. Wata 'yar ƙa'ida ga masu jarrabawa: fari da baƙi suna da siffar mace, fara da baƙa, amma ja ba ya canzawa, mahaɗi ne kawai ke nuna jinsi. Jan doki, jar riga. Jam'i kuwa farare, baƙaƙe, jajaye.

Larabawan da ma haka suke kasa mutane. Suna kiran Farisawa da Rumawa jajaye, kuma ya zo a hadisi cewa an aiko Annabi (SAW) zuwa ga ja da baƙi, wato ga kowa da kowa. Da Turawa suka iso ƙasar Hausa, cikin laƙubban da aka yi musu akwai "masu jajayen kunnuwa" da "jar fata". Ita kanta kalmar Bature ba ta launi ba ce. Dandalin Turawa da ke cikin birnin Kano unguwar fataken Larabawa ce na Gadamus da Tarabulus, tun kafin Ingilishi ya zo. Nasara kuwa kalmar addini ce.

Akwai shaida daga nan kusa da mu. Dorugu yaro ne Bahaushe daga wani ƙauye a yankin Kance, a ƙasar Damagaram, tsallaken iyakarmu kaɗan. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Overweg ya 'yanta shi. Bayan mutuwar Overweg a 1852 ya bi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, har Tumbutu, daga baya har Ingila a 1855. A can ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Da yake ba da labarin ganinsa na farko da Bature, ya kwatanta farin fuskar mutumin da hannuwansa da takarda, kai tsaye, yadda ido ya gani. Yaro ne da ya san bauta da jikinsa, amma a bakinsa launi abin kallo ne da mamaki, ba mizanin wane ne sama wane ne ƙasa ba.

To me ya sa? Amsar tana cikin yadda bauta ta kasance a ƙasar Hausa. An yi bauta, an yi ta da yawa, kada wani ya yi mana kwaskwarimar tarihi. Amma ba a gane bawa da launi, domin sau da yawa bawa da ubangidansa launinsu ɗaya, wani lokacin ma bawan ya fi haske. Ana gane shi da tsagar fuskarsa, da harshensa, da inda aka kamo shi. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa sarki ɗa ne, yana iya hawa gadon ubansa, ko da wane launi ya fito. A arewacin Sahara lamarin ya bambanta, can an daɗe ana haɗa baƙar fata da bauta a kasuwa. Wannan ne ya sa mutanen Tuwat suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Tumbutu tambaya a kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen Sudan. Ya amsa musu a 1615 cikin littafinsa Mi'irajus Su'ud. Shi kansa ya ɗanɗani kamu, domin bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591 an tafi da shi Marrakesh ya yi shekaru a can. Ya ce launi ba ya halatta bautar da kowa. Ya yi watsi da labarin nan da ake yaɗawa wai baƙin fata la'ana ce da ta bi zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu, ya goyi bayan Ibn Khaldun cewa yanayin ƙasa ne ke kawo bambancin launi. Sannan ya lissafa ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba, cikinsu har da Kano da Katsina da Gobir da Barno. Sama da shekara 400 ke nan.

Inda aka ɗaure launi da bauta, a nan ne kalmar "baƙi" take yin nauyi har a riƙa gudun ta. Dubi Larabcin ƙasar Sudan ta yau. Maimakon a ce mutum baƙi ne, sai a ce kore ne, ko shuɗi ne, "akhdar" ko "azraƙ". Mu Hausa ba ta taɓa buƙatar wannan dabarar ba, shi ya sa ba mu gaji wata tsohuwar kalma ta sakaya baƙi ba. "Ɗan duhu" da "cakuleti" duk sababbin shiga ne.

Ko a rikicin sarautar ƙasarmu ta Daura haka abin yake. Wajen 1805 Malam Ishaƙu ya karɓe Daura da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyar gidan sarautar Hausa suka kafu a Zango da nan Baure, ƙarƙashin inuwar Damagaram, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Shekara ɗari ana zaman doya da manja, amma sunayen ɓangarorin Haɓe ne da Fulani. Magana ce ta asali da mulki. Ba a ce yaƙin jajaye da baƙaƙe ba, alhali kalmomin suna nan a harsunan biyu.

Ba wai Bahaushe ba shi da abin da yake jin nauyin faɗi ba ne. Yana da su, har sun yi yawa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta kiran ɗan farinta, ba a ambaton suruki gatsau. Mutuwa "rasuwa" ce, ciki "juna biyu" ne. Kuma babban abin da ake rufewa game da mutum shi ne asali. Bayan dokar 1936 da ta kawo ƙarshen bauta a Arewa, tona cewa kakan wane bawa ne ya zama abin da ke raba aure ya kai mutane gaban alƙali. Nan kunyar take. Launi yana fili, kowa na gani, ba a ɗauke shi asiri ba balle a tona.

Wani zai ce, to Malam, baƙin ciki fa? Baƙin jini, baƙar aniya, baƙar magana, baƙin hali, ga kuma farin ciki da farin jini. Ashe harshen da kansa bai nuna fifiko ba? Tambaya ce mai kyau, ɗalibai suna yi mini ita kusan kowace shekara. Gaskiya ne a maganganun azanci fari ya fi samun rabo mai kyau, kuma harsuna da yawa haka suke, daga dare da rana abin ya samo tushe. Amma rabon bai tafi sak ba. Macen da aka ce tana da farar ƙafa ba yabonta aka yi ba. Baƙin ƙarfe shi ne ƙarfen aiki, da shi ake garma da gatari. Harafin da muke karatu da shi sunansa baƙi, almajiri kuma da babbaƙu yake farawa kafin ya shiga farfaru. Ja kuwa ya tafi wajen ƙarfi da jarumta: jan hali, jan aiki, Bawa Jan Gwarzo na Gobir. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, tsofaffinmu ba su haɗa layukan biyu ba. Mutum yana iya zama baƙi ƙirin mai farin jini, wani fari tas mai baƙin jinin muzuru, kuma ba wanda ya ji saɓani a cikin jimlar.

Kada kuma in yi zalunci in ce da can ba a fifita haske ko kaɗan. An yi. "Farar mace alkyabbar mata" ba jiya aka ƙirƙire ta ba. Sai dai yabon fara bai sa kalmar "baƙa" ta zama zagi ba. Abin da ya canza ke nan, kuma a ganina hanyoyi uku ya biyo.

Ta farko labaran duniya. Daga fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, zuwa buɗe sashen Hausa na BBC a 1957 da sauran gidajen rediyo da suka biyo baya, Bahaushe ya riƙa jin "baƙar fata" da "farar fata" a matsayin sunayen jinsunan mutane, tare da labarin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da Amurka. Ya ji ɗaurin Mandela da sakinsa a 1990, ya ji kisan George Floyd a 2020. A waɗancan ƙasashe ambaton launin mutum yana ɗauke da tarihin bulala da doka, shi ya sa da yawa daga Turawan yau suke kauce masa ko da shi ne hanya mafi sauƙi ta nuna wanda ake nufi. Suna da dalilinsu. Matasanmu da ke karatu da Turanci suna kuma kwana a intanet sun kwaso nauyin, ba tare da tarihin da ya haife shi ba.

A nan akwai nahawu mai daɗi. "Baƙi" siffa ce, tana bin jinsin wanda ake siffantawa: Musa baƙi ne, Hadiza baƙa ce. "Baƙar fata" kuwa harɗaɗɗen suna ne, ya daskare, shi ya sa muke cewa "wani baƙar fata ne" da dirkar namiji duk da cewa fata mace ce. Ma'anarsu ma ba ɗaya ba ce. Jimlar "Hadiza fara ce sol, amma baƙar fata ce" daidai take ɗari bisa ɗari. Ta farkon tana gaya maka yadda za ka gane ta a gidan biki, ta biyun tana gaya maka daga wace nahiya kakanninta suke. Ɗalibin da ya cakuɗa su biyun shi ne zai ji kamar ya yi wariya in ya ce abokinsa baƙi ne.

Ta biyu kallo da karatu. Finafinan Indiya da suka mamaye silimun Arewa shekara da shekaru, littattafan soyayya tun daga shekarun 1980, sai finafinan Hausa daga 1990. Duk mai karanta littattafan nan ya san tauraruwar da aka fi siffantawa: fara, doguwa, mai dogon hanci da gashi har baya. In marubuci ya yi niyyar kawo baƙa sai ya bi ta da "amma": baƙa ce amma kyakkyawa. Ku auna "amma" ɗin nan. Ba wanda ke rubuta "fara ce amma kyakkyawa". Kalma ɗaya ce, amma ta gama yanke hukunci kafin a kai aya.

Ta uku kasuwar man bilicin, wadda hukumar NAFDAC take ta gargaɗi a kai saboda illarsa ga fata da ƙoda. Ba zan tsawaita a nan ba, kowa ya san wata da ta tafi hutu baƙa ta dawo fara, gaɓoɓin yatsu suna ba da shaida. Abin da ya shafi shafinmu shi ne, yarinyar da ta girma tana ganin manya suna laluben wata kalma don kada su ce mata baƙa, ta riga ta fahimci cewa akwai abin ɓoyewa a jikinta. Kewayewar da muke yi don kada mu ɓata mata rai ita ce ke isar da saƙon.

Wasu kuma ta fuskar addini suke jin nauyin, suna tsoron giba. Suna da hujja, ba a banza ba. Imam Gazali a cikin Ihya ya lissafa ambaton baƙin mutum ko gajartarsa cikin giba, in mutumin zai ƙi jin haka. An kuma tsawatar wa Abu Zarri da ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa. Amma malaman nan dai, har da Imam Nawawi, sun ware ambaton siffa don a gane mutum, ba don a rage masa daraja ba, suka ce ya halatta. Littattafan hadisi cike suke da siffanta launin annabawa da sahabbai. Aya ta 22 ta Suratur Rum kuwa ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Ashe ma'aunin niyya ce da murya. "Ke baƙar nan!" cikin tsawa zagi ne, ba musu. "Baƙa ce, doguwa, mai fara'a" siffantawa ce.

Kuma akwai ranar da kewaye-kewaye ke da tsada. Cigiya. Duk wanda ya taso yana jin rediyo ya san tsarinta: yaro ne ɗan shekara kaza, baƙi ne ko fari ko wankan tarwaɗa, yana da 'yar baka ko ba shi da tsaga, sanye da kaza. Tsari ne da sanƙira da masu shela suka gada, launi yana zuwa da wuri domin shi ido ke fara kamawa daga nesa. Kwanakin baya an turo wata cigiya a wani zaurenmu na WhatsApp, yaro ya ɓata ranar kasuwa, ba hoto. An rubuta "yana da ɗan haske". Mu da muka san yaron mun san baƙi ne, ɗan hasken nasa sai in an jera shi da yayyensa. Mai rubutun ya ji nauyin iyayen ne. Allah ya taimaka aka gan shi kafin magariba, amma a gari irin namu da iyaka take kusa, mutane sun yi sa'o'i suna duba yaran da ba su ba.

Wani abin da waya ta ƙara mana: masu rubuta "baki" ba lanƙwasa. "Yaron baki ne" ba ta ce komai ba sai an yi hasashe. Ko an sa lanƙwasar ma, baƙi na launi da baƙi jam'in baƙo rubutunsu ɗaya, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su a baka, a rubutu kuwa sai muhallin jimla.

Na mayar wa ɗaliban nan takardunsu, na rubuta kalmomin a allo da amsa-kamarsu, baƙi, fari, ja, wankan tarwaɗa, na ce a sake aikin, kuma kowa ya karanta nasa a gaban wanda ya siffanta. Yarinyar da ta ce mini ba daɗi ta tashi ta karanta, "Ƙawata baƙa ce siɗik, doguwa, mai wushirya." Aji ya yi tsit ana jiran a ga abin da zai faru. Ƙawar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta manta ba ta faɗi idona ba."